IN NA'URA TA YI RUBUTU DA KANTA, WA ZA MU KAMA?



Maganar yau, in ka ji ta daga nesa, sai ka ce ta yara ce. Kilabiye ne, wato allon madannan kwamfuta da ƴan Najeriya ke ce wa kibod, yana ajiye bisa tebur, ba wanda ya taɓa shi, sai ga haruffa suna zuba a ekran kamar ana awon gero. Ko kuwa salula tana jone a caji, ta buɗe WhatsApp da kanta, ta shiga sunan wani, ta hau rubutu. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne mutanen da ke zaune kusa da na'urar lokacin da haka ta faru. Don a garin nan waɗanda ake tuhuma uku ne, kuma kullum su ne: aljani, ɗan kutse, sai yaron shago ko matar gida. Ƙura da caja da shayin da ya zube shekaranjiya, su ko sammaci ba a aika musu. Mu kuwa a ganinmu da su ya kamata a fara, don su suka fi kowa yawan laifi, kuma bincikensu bai cin ko dala.

Bari mu fara da kilabiyen ƴan gem, tunda shi ya fi tayar da hankali. Kun san shi, mai fitilu kala-kala da ke yawo ƙarƙashin madannai, mai ƙara ƙas-ƙas-ƙas in ana bugawa. Don masu wasan kwamfuta aka yi shi, amma nan kowa sayensa yake. Saurayi ya je Kano ko Kasuwar Dole ya gan shi yana walƙiya, ya ɗauko. Mai shagon buga takardu ya ga ya fi na roba ƙwari, ya ɗauko. Ɗalibin jami'ar André Salifou ya zo hutu da shi cikin jaka. Da yawansu gwanjo ne, sun yi aiki hannun wani a wata ƙasa kafin su iso mu. Ku riƙe wannan magana ta gwanjo, za mu dawo kanta.

Duk wanda ya san ban ruwa a lambu ya riga ya san rabin aikin kilabiye. Ƙarƙashin madannan nan akwai siraran hanyoyin wuta, wasu a tsaye wasu a kwance, kamar magudanai tsakanin fangali. Kowane harafi yana zaune ne a mahaɗar hanya biyu. In ka danna, hanyoyin biyu su haɗu, wuta ta wuce, wata ƴar ƙwaƙwalwa da ke ciki ta shaida wa kwamfuta an danna kaza. Ita wannan ƙwaƙwalwa ba ta da ido. Ba ta san yatsa ba, haɗuwar wuta kawai ta sani. To kamar yadda in bakin magudana ya fashe ruwa zai shiga fangalin da ba ka buɗe ba, haka in ɗigon ruwa ko gumi ko shayi ya haɗa hanya biyu, harafi zai fito ba tare da kowa ya danna ba. Shayinmu kuwa kun san irin sukarin da ke cikinsa. Ruwan ya bushe, sukarin ya zauna ya yi danƙo, madanni ya sauka ya ƙi tashi, sai ka ga harafi ɗaya ya cika layi, ya cika shafi, yana neman na biyu. Haka in hannun da ya gama cin dabino ya hau bugu ba wanki.

Sai babbar maƙiyiya, ƙura. A yawancin na ƴan gem, kowane madanni da nasa ɗan makunni, da wasu ƴan ƙarafa biyu da ke taɓa juna in an danna. In ƙura ta shiga tsakaninsu, ko ƙarfen ya gaji, danni ɗaya sai ya zama biyu ko uku. Ka rubuta Musa ya fito Mussa. Wannan da sauƙi, dama haka Faransa ta bar mana shi a takardar haihuwa. Amma ka buga 5000 ya fito 50000 a takardar bashi ko wajen aika kuɗi, nan ba dariya.

Kada wani ya ce ai cutar kayan arha ce. Kamfanin Apple, wanda kayansa ba su da sa'a wajen tsada, ya sa wa kwamfutocinsa na MacBook wani samfurin madannai sirara daga 2015 zuwa 2019. Ƴar ƙura kaɗan in ta shiga, harafi ya maimaita kansa ko ya ƙi fitowa sam. A 2018 kamfanin ya fara gyara wa mutane kyauta, a 2022 kuma ya yarda ya biya dalar Amurka miliyan 50 don a kashe ƙarar da masu saye suka shigar. Wannan fa a ƙasar da ofis ke rufe ruf da gilashi. To ina ga mu, da hazo ke sauka mana tun daga Nuwamba, shago buɗe a bakin babbar hanyar Damagaram zuwa Difa, kowace babbar mota ta wuce sai ta bar mana tsaraba a kan tebur? Kilabiyen da ya yi hunturu biyu a Gidimuni ba a rufe shi ba, kuma bai taɓa yin shirme ba, shi ne abin mamaki.

Akwai wadda ma ba cuta ba ce, rashin jin yaren juna ne. Mu nan tsarin Faransanci muka gada, wanda layin haruffansa na sama ya fara da A, Z, E, R, T, Y. Kayan Kano kuwa tsarin Ingilishi ne, Q, W, E, R, T, Y. In madannan na wannan tsari ne, kwamfutar kuma tana saurare da wancan, ka danna A ta ba ka Q, ka danna 1 ta ba ka &, ka danna 2 ta ba ka é. Abin da ke rikita mutane shi ne jiya lafiya lau aka rabu. Dalili, a Windows in aka haɗa Alt da Shift aka danna tare, yare yana juyawa, su kuwa ƴan gem waɗannan madannai biyu ba sa hutawa a hannunsu. Yaro ya gama wasa da dare, da safe mai shago ya zo buga takardar neman aiki ya tarar kwamfuta ta koma wani yare. Duba can ƙasa ta hannun dama, kusa da agogo. In ka ga FRA ko ENG, danna ka canza, shi ke nan an gama gyara.

Duk waɗannan shirme suke rubutawa, harafi ɗaya a jere ko tarkacen da ba ya karantuwa. Wanda ke sa gaban mutum faɗuwa shi ne kilabiyen da ke rubuta magana cikakkiya, mai kai da gindi. Kuma yana faruwa, ba tatsuniya ba ce. A ƙarshen 2022, masu amfani da wani kilabiyen ƴan gem mai tsada, K100 na kamfanin Corsair na Amurka, suka yi ta kuka cewa suna zaune sai su ga yana zubo jimloli, kuma in sun karanta sai su ga abin da su da kansu suka rubuta ne kwanakin baya. Kun ga su ma Turawan tsoro ya kama su, sai dai nasu aljanin daban ne: suka ce an dasa musu abin leƙen asiri yana kwashe sirrinsu. Kamfanin ya fito ya ce ba inda rubutun ke zuwa. Abin da ke faruwa, irin wannan kilabiye yana da wata dabara da ake kira makiro, wadda mai wasa ke ɗaukar jerin danni da ita ya ajiye a madanni ɗaya, don in wasa ya yi zafi ya danna sau ɗaya aiki goma ya gudana. To ita wannan dabara ce ke kunna kanta bisa kuskure, ta haddace abin da mutum ke bugawa, wata rana ta amayar.

A taƙaice aku ne. Bai iya ƙirƙirar magana ba, abin da ya ji a gida yake maimaitawa. Kuma a irin waɗannan kilabiyoyi haddar tana zaune ne cikin kilabiyen kansa, ko an zare shi an kai wata kwamfuta yana tafe da abinsa. Nan maganar gwanjo ta dawo. Wanda ka saya a Kano aku ne da ya yi zama gidan wani. Kana iya danna wani madanni na gefe da ba ka taɓa kula da shi ba, ya zubo maka Turanci ko Larabcin da tsohon mai shi ya ajiye, kai kuma ka fita da gudu ba takalmi. Abin da ya fi wannan damunmu shi ne shagunan buga takardu. Mutum goma ke zama gaban kilabiye ɗaya a yini, wani ya buga lambar sirrinsa ta Facebook, wani wasiƙar da ba ya son kowa ya gani. In akun ya haddace, gaban wa zai faɗa? Don haka muke cewa duk mai shagon da ya sayi irin wannan, kafin ya ɗora shi gaban jama'a, ya wanke masa kai tukuna. A da yawa daga na Corsair, zare wayar ake yi, a danne Esc, a mayar da wayar ana danne, bayan ƴan daƙiƙu a saki. Kowane kamfani da tasa hanyar, sunan samfurin yana rubuce a bayansa, a nema a intanet. Wanda ba zai iya wannan ba, wallahi gara ya sa wa kwastomomi na roba mara fitila, wanda bai iya haddar komai ba, ya bar mai walƙiyar a ɗaki.

To in abin ya faru, me za a yi? Ba sai an kira kowa ba tukuna. Zare wayar kilabiyen daga jikin kwamfuta. In rubutu ya tsaya, ka kama ɓarawo a hannu, laifin yana jikin kilabiye ko wayarsa ko ramin da aka jona shi. Canza masa rami. Bai daina ba, ɗauke shi ka kai kwamfutar maƙwabci. In can ma ya yi, magana ta ƙare, nasa ne. Kifa shi ka bubbuga bayansa a hankali, za ka ga abin da zai zubo, har ka ji kunya. Share tsakanin madannai da busasshen buroshi. Wanda ruwa ko shayi ya shiga, a zare shi nan take, a kifa shi a inuwa kwana biyu, kada a yi gaggawar gwadawa, don jona shi da damshi shi ke ƙarasa shi. Kada a zuba masa fetur, kada a wanke shi da omo, mun san akwai masu yi. In kuwa ka zare shi rubutu bai tsaya ba, to waiwaya: akwai wani ƙaramin abu maƙale a rami na kilabiye mara waya, shi kuma kilabiyen yana cikin jaka littafi ya danne shi? Akwai abin wasan gem a jone? In kwamfutar tafi-da-gidanka ce, nata madannan fa? Sai duk wannan ya wuce ne za a kashe intanet a gani. In da kashe intanet abin ya tsaya cak, da kunnawa ya dawo, yanzu ne maganar ɗan kutse ta samu wurin zama. Yanzu, ba tun farko ba.

Mun daɗe kan kwamfuta, alhali mun san yawancin masu saurarenmu salula ce a hannunsu. Cutar ɗaya ce, riga ta canza. Gilashin salula shi ma bai san yatsa ba. Wata ƴar wuta ce shimfiɗe a jikinsa, in yatsa ya matso ta motsa, waya ta ce an taɓa nan. Duk abin da ya motsa wutar nan, a wurinta yatsa ne: ɗigon ruwa daga hannun mai ban ruwa, gumin aljihu a zafin Afrilu, tsagewar gilashi, datti ƙarƙashin ledar kariya. Uwa uba caja. Cajar banza ba ta tace wuta da kyau, tana turo ta da hayaniya, balle in daga gurup take sha ko daga wani tsohon inbata na sola. Shi ya sa za ku lura yawancin salular da ke haukan nan a jone take. Zare ta, ta dawo hayyacinta. Ko nan ma ba a bar manya ba: a Nuwamban 2018 Apple ya amsa cewa gilashin wasu iPhone X yana amsa taɓi ba tare da an taɓa shi ba, ya kuma canza wa masu su kyauta.

Guda ɗaya ce cikin waɗannan ba ta son wasa. In ka ga bayan salula ya taso, ko gilashi ya ɗago daga gefe, ko madannan kwamfutar tafi-da-gidanka sun yi tudu, batir ne ya kumbura yana turo su daga ciki. Wannan rubutun banza shi ne ƙaramin sharrinsa, yana iya kamawa da wuta. Kada a huda shi, kada a ci gaba da cajinsa, kada a kwana da shi ƙarƙashin matashi. A canza.

Yanzu ku dubi abin da zato ke ci mana. Mai shago ya shigo ya tarar takardar wani babban mutum ta cika da tarkace, bai tambayi kowa ba, ya ɗauke yaron shago da mari, wai shi ke wasa da kayan aiki. Yaron ya rantse, ba a saurare shi ba, aka sallame shi. Bayan sati abin ya sake faruwa, yaro ba ya nan. Wa zai je gidansu ya ba uwarsa haƙuri? Ba a zuwa. Maigida ya ga kira ya fita daga salular matarsa ƙarfe biyun dare zuwa wata lamba, ita tana barci, wayar tana caji a gefen gado, gari bai waye ba an kai magana gaban iyaye. Wata baiwar Allah kuma an ce mata turo mata aka yi, ta sayar da akuya ta kai kuɗin magani, alhali cajar da ta saya a tasha ce ke mata aiki. Ba mu zo musun aljanu ba, wannan fagen malamai ne, ba namu ba. Amma aljanin da zare caja ke korarsa, ai a san irinsa. Kuma addu'a ba ta taɓa hana mutum ya kifa kilabiye ya kakkaɓe ba.

Sai dai kada masu laifi su yi murna, don sandar nan baki biyu gare ta. Akwai waɗanda suka gano wannan cuta suka mayar da ita garkuwa. Mutum ya zagi ɗan'uwansa a gurup ɗin WhatsApp na gari, ya kira sunansa, ya kira sunan ubansa, ya tono rigimar gona ta shekara goma, gari ya waye ya ce wallahi waya ce ta rubuta da kanta. Haba malam! Ƙura ba ta san sunan uban kowa ba. Rubutun na'ura yana da kamanni, kuma ya kamata masu sulhu da masu unguwa su san shi, tunda su ake kai wa irin wannan ƙara yanzu. Harafi ɗaya ne a jere, ko tarkace, ko kalmomi na gaskiya amma ba su haɗu da juna ba, irin waɗanda waya ke jerowa saman madannai tana cinta, yawanci ma da Faransanci. Ko kuma kira ya fita, ko a aika hoton da ba shi da alaƙa da komai. Magana mai tsari, mai manufa, wadda ta san inda za ta soki mutum, hannun ɗan Adam ne ya tsara ta. Ko akun Corsair da muka ambata, ai abin da wani ya taɓa bugawa ya maimaita. Saura a gano hannun wa, kuma wannan tambaya ta yi nauyi yanzu, tunda dokar laifukan intanet ta 2019 an yi mata gyara a watan Yunin 2024, an dawo da hukuncin ɗauri kan zagi da ɓata suna ta waɗannan kafafe. Abin da ya fita da sunanka kai za a fara nema. Wannan dalili kaɗai ya isa a ce salularka tana da makulli, kuma ba kowa ke ɗaukarta ya je ya dawo ba.

Ɗan kutse kuwa yana nan, ba mu ce babu shi ba. Amma in ya zo, da wuya ya tsaya yana maka rawa da haruffa a ekran kana kallo. Ɓarawo bai shigowa da ganga. Yawanci ta ƙofa yake shiga, kuma mai gida ke buɗe masa. Ya kira ka ya ce daga kamfanin waya yake, ko ya ce an yi kuskure an turo maka wasu lambobi shida, don Allah ka karanto masa. Ka karanto, WhatsApp ɗinka ya koma hannunsa, ya hau rubuta wa ƴan'uwanka na Libiya da Kano da sunanka cewa kana asibiti a turo kuɗi. Ko wani ya ari wayarka minti biyu ya haɗa WhatsApp ɗinka da kwamfutarsa, yana karanta komai daga inda yake. Wannan ana iya dubawa: shiga inda aka rubuta Appareils connectés, duk na'urar da ba ka sani ba ka fitar da ita, sannan ka sa lambar tsaro ta biyu. Akwai kuma wata dabara da masana biyu daga Jamus suka nuna wa duniya a 2014, inda ake shirya kile, wato ɗan abin nan na ajiyar fayil, ya yi shigar kilabiye. Da an jona shi, kwamfuta ta ɗauka kilabiye ne, shi kuma ya buga umarninsa cikin ƙiftawar ido. Don haka kilen da aka tsinta a mota ko a hanya, ba rabo ba ne, a bar shi inda yake. Masu shagon da kowa ke miƙo musu kile a buga masa takarda, su ne ya kamata su fi kowa sanin wannan.

Sauran magana ta masu gyara ce da masu sayarwa, kuma da girmamawa muke yin ta, don da ba su da kowace salula ta yi tari sai an kai ta Damagaram. Amma akwai wata kalma da ta yi yawa a bakin wasunsu: sai an yi filashin. Tsoho ya kawo waya tana taɓa kanta, ba a tambaye shi wace caja yake sa mata ba, ba a ɓare ledar gilashi an duba ba, sai filashin. A goge masa lambobin ƴaƴansa, da hotunan jikoki, da saƙon muryar ɗansa da ke Aljeriya, ya biya kuɗi, ya koma gida ya jona tsohuwar cajarsa, waya ta ci gaba daga inda ta tsaya. Cutar da ke jikin gilashi ko caja, goge ƙwaƙwalwa bai warkar da ita, kuma mai gyaran ya fi mu sani. Abin da muke roƙo kaɗan ne. A fara da gwajin da bai cin kuɗi, a gaban mai kaya. In gilashi za a canza, a faɗa masa gaskiyar wanda za a sa masa, don gilashin arha shi kansa yana kawo wannan cuta, mutum ya zaɓa da saninsa. Mai sayar da kilabiye kuma ya bar mai saye ya jona, ya buɗe farin shafi, ya danna kowane madanni sau ɗaya ya ga ɗaya ya fito, sannan a bar shi minti goma ba a taɓa ba ana hira. Wanda ya ce ba a gwada kayansa, ka san inda ka nufa.

Masu cajin kuɗi su ma suna da rawar takawa, tunda wayoyi da yawa wurinsu suke yini. Mai kawo waya ya zo da cajarsa in yana da ta kirki, kuma ya kashe wayar gaba ɗaya kafin ya miƙa. Wayar da ke kashe ba ta kiran kowa, ba ta rubuta wa kowa, ba a leƙa ta, kuma ta fi saurin cika. Mai cajin da kansa ya kamata ya riƙa cewa a kashe, don gobe in saƙo ya fita shi za a fara kallo.

Ga teloli kuma, ga wata ƴar kasuwa da ba wanda ya shiga. Ragowar yadi da kuke sharewa da yamma, in aka haɗa aka ɗinka ƴar riga daidai tsawon kilabiye, da wata daidai kwamfuta, a sa roba a baki ta kama, za ta shiga. Shagunan buga takardu, makarantu, ofishin magajin gari, gidan likita, duk inda kwamfuta take tana kwana a buɗe ne, ko an yafa mata tsohon ɗankwali da iska ke ɗaukewa. A auna da kyau kawai, don na ƴan gem ya fi na roba kauri, wasu kuma da matashin hannu a gaba.